YADDA A KE NEMAN IZININ AIKI A ƘASAR WAJE BA DA DILLALI BA

Wata rana na tafi rangadin duba azuzuwa, na sauka a wani ƙauye. Bayan an tashi daga karatu sai wani dattijo ya jawo ni gefe, ya zaro takarda daga aljihu, ya ce, "Malam, duba mini wannan." Wani mutum ne ya zo daga birni, ya ce zai samo wa ɗansa aiki a Ingila. Dattijon ya sayar da shanun noma biyu da gonarsa ta fadama, ya ba shi kuɗin. Wata bakwai ke nan, ba mutumin ba labarinsa. Na duba takardar. Babu sunan ma'aikata, babu adireshi, babu lamba. Wani jan hatimi ne kawai, irin wanda a ke sassaƙawa a bakin kasuwa.

Da akwai wanda ya san hanyar wannan al'amari a gidan nan, da har yanzu shanun suna turke. Saboda haka na ga ya kamata mu yi darasi a kansa. Ku karanta a hankali. Inda ba ku gane ba, ku tambayi malaminku.

FASFO DA BIZA

Mai tafiya ƙasar waje yana bukatar takardu iri biyu. Ta farko fasfo. Ƙasarka ce ke ba ka shi. Yana ɗauke da sunanka da hotonka da ranar haihuwarka, yana shaida wa duniya cewa kai ɗan Nijeriya ne. Ta biyu biza. Ita kuwa ƙasar da za ka je ce ke ba da ita. Izini ce ta shiga ƙasar mutane.

Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, akwai ta karatu, akwai ta aikin Hajji da Umra, akwai ta aiki. Kowace da iyakarta. Wanda ya shiga ƙasa da bizar ziyara ya kama aiki ya karya doka. In an kama shi a kan kore shi, wani lokaci ma sai ya yi zaman kurkuku tukuna.

Ga abin da na fi so ku riƙe a cikin wannan darasi duka: aiki shi ke jawo biza. Sai an sami ma'aikatar da ta ɗauki mutum, ta rubuta masa takarda, sa'an nan a ke maganar bizar aiki. Gwamnatin ƙasar ce kaɗai ke da ikon ta bayar ko ta hana. Dillali ba shi da wannan iko, kome girman ofishinsa. In kun ji wani ya ce, "Kawo kuɗi in ba ka biza, in ka sauka a nema maka aiki," to, cinikin biri a sama ya ke so ku yi.

MATAKI NA FARKO: KA YI FASFO DA KANKA

Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ita ke yin fasfo, tana kuwa da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Kafin ka nema sai ka tanadi lambar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukumarku. A kan cika takardar nema a shafin hukumar na intanet, a biya kuɗin ta nan, a ba ka ranar da za ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka.

Daga 1 ga Satumba, 2025, kuɗin fasfo mai shafi 32, wanda ke aiki shekara 5, ya zama naira 100,000. Mai shafi 64, na shekara 10, naira 200,000. Ka karɓi rasiɗi ka adana.

Ka lura da sunanka ƙwarai. Yadda aka rubuta shi a NIN, haka ya kamata ya fito a fasfo, haka a takardun makaranta. In a wata takarda kai Muhammadu ne, a wata kuma Mamman, masu duba takardu za su ɗauka mutum biyu ne. A nan za ka ga amfanin zuwa aji. Wanda ya iya karanta sunansa ba a yi masa kuskure yana kallo.

MATAKI NA BIYU: KA SAN ABIN DA KA IYA

Ƙasashen waje ba su neman mutum don yana son tafiya. Suna neman wanda ya iya abin da su ke bukata, mai takardar shaida a hannu. Likita da malamar asibiti da injiniya da malamin makaranta duk suna da takardun makarantunsu. Mai sana'ar hannu kuma, kamar kafinta ko magini ko mai walda ko bakanike, yana iya ɗaukar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku ce, a kan fara daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Ko ba ka tafi ko'ina ba, wannan takarda za ta yi maka amfani a gida.

Sai ka rubuta tarihin aikinka a takarda ɗaya ko biyu: makarantun da ka yi, wuraren da ka yi aiki, da shekarun da ka yi a kowane wuri. Kada ka ƙara ko da wata ɗaya a kan gaskiya.

MATAKI NA UKU: NEMAN MA'AIKATA

Bari mu ɗauki Ingila mu yi misali da ita, don dokokinta suna rubuce a fili, kowa yana iya karantawa kyauta. Suna cikin shafin gwamnatin ƙasar na intanet, wanda adireshinsa ya ƙare da gov.uk. In adireshi bai ƙare haka ba, ba na gwamnatin ba ne.

A Ingila ba kowace ma'aikata ke da ikon ɗauko baƙo ba, sai wadda gwamnati ta ba lasin. Gwamnati ta buga sunayen masu lasin duka a shafin nan, tana kuma sabunta su kullum. Ma'aikatun su kan yi cigiyar ma'aikata a shafukansu. Sai ka aika da tarihin aikinka kai tsaye. In sun ga ka dace, su kan yi maka tambayoyi ta waya mai hoto, kana ganinsu suna ganinka. In ka ci, su aiko maka da yarjejeniya mai nuna irin aikin, da albashi, da yawan awoyi.

Bayan wannan sai ma'aikatar ta yi maka shaidar ɗaukar nauyi. Wata lamba ce da a ke shigarwa cikin kwamfutar gwamnati da sunanka. Kai kaɗai za ka yi aiki da ita, sau ɗaya tak, cikin wata uku. Ba a sayar da ita. Ma'aikatar ce ke biyan kuɗinta, an kuwa hana ta ɗora maka. Har wa yau, dokar Ingila ta shekarar 1973 ta hana ofisoshin samar da aiki su karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki don sun samo masa. Saboda haka duk wanda ya ce ka sayi wannan lamba, ko dai ta jabu ce, ko kuwa aikin babu shi.

Kafin ka yarda da kowace wasiƙa, ka yi abu biyu. Ka nemi sunan ma'aikatar cikin jerin masu lasin. Sa'an nan ka nemo lambar wayarta daga shafinta, ban da wadda aka rubuta a wasiƙar, ka kira ka tambaya ko da gaske su suka aiko. Matambayi ba ya ɓata.

Ma'aikatan asibiti su saurara. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sunayen ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Nijeriya tana ciki, haka Nijar da Gana. Ƙa'idar Ingila ta hana asibitocinta da dillalansu su shigo irin waɗannan ƙasashe farautar ma'aikata. Amma mutum yana da ikon ya nemi aikin da kansa. Ashe ke nan a wannan fanni hanyar neman kai tsaye ita ce hanyar da aka yarda da ita.

MATAKI NA HUƊU: NEMAN BIZAR

In lambar nan ta zo hannunka, saura abu biyar.

Na ɗaya, shaidar Turanci. Ɗan Nijeriya sai ya ci jarrabawar Turanci wadda gwamnatin Ingila ta yarda da ita, ko ya nuna digirin da ya yi da Turanci, wanda aka tantance. A watan Janairu na 2026 an ƙara ɗaga matakin Turancin da a ke bukata.

Na biyu, gwajin tarin fuka. Duk wanda zai tashi daga Nijeriya ya zauna Ingila fiye da wata shida sai an ɗauki hoton ƙirjinsa a asibitin da suka amince da shi. Akwai a Abuja, akwai a Ikko, watau Legas. Takardar tana aiki wata shida. Ta wani asibiti dabam ba ta karɓuwa.

Na uku, guzuri. Sai ka nuna kana da kuɗin da ya kai fam 1,270 a banki, sun kwana 28 a jere, sai fa in ma'aikatar ta rubuta cewa ta ɗauke maka wannan.

Na huɗu, cika takardar nema a shafin gwamnati, da biyan kuɗi ta nan.

Na biyar, zuwa ofishin karɓar takardun biza a Abuja ko Ikko, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Wannan ba a aike. Dole ka je da ƙafarka.

Daga nan galibi a kan sami amsa cikin mako uku. Tun shekarar 2025 Ingila ta daina manna wa masu bizar aiki takarda a cikin fasfo. Izinin yana cikin kwamfuta, kai ne za ka buɗe shi da lambar sirrinka.

Ka ga ke nan duk cikin matakan nan babu inda aka ce sai da dillali.

MU YI LISSAFI

A shekarar 2025 kuɗin neman bizar aiki ta shekara uku fam 769 ne. Ban da wannan akwai kuɗin asibiti, wanda tun 2024 ya zama fam 1,035 kowace shekara, kuma a kan biya na shekarun duka tun kafin a tashi. An yafe wa likitoci da malaman asibiti wannan, kuɗin bizarsu ma ya fi sauƙi. Ga lissafin sauran ma'aikata:

Kuɗin asibiti na shekara uku, fam 1,035 sau 3, fam 3,105.
A haɗa da kuɗin biza, fam 769, ya zama fam 3,874.
A haɗa da guzuri, fam 1,270, ya zama fam 5,144.

A shekarar 2025 fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000. Watau kuɗin sun haura naira miliyan goma, ba a sa na jirgi ba, ba a sa na jarrabawa da na gwaji ba. In an hana ka biza a kan mayar da kuɗin asibiti, amma na nema ya tafi. Waɗannan kuɗi suna sakewa, saboda haka ka duba shafin gwamnati a ranar da za ka biya.

GASKIYAR DA DILLALI BA ZAI FAƊA BA

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙofar Ingila ta ƙuntata ƙwarai. Daga 22 ga Yuli, 2025, yawancin ayyukan da a ke ɗauko baƙi dominsu sai na masu ilmin digiri, albashin kuma sai ya kai fam 41,700 a shekara, ko da ya ke akwai rangwame ga wasu, kamar ma'aikatan asibiti da malaman makaranta.

Akwai wani aiki da mutanenmu da yawa suka tafi dominsa, watau kula da tsofaffi da marasa lafiya. A wannan aiki ne aka fi cutar jama'a. Wasu sun biya maƙudan kuɗi, suka sauka can suka tarar babu aikin. Daga Yuli 2022 zuwa Disamba 2024 gwamnatin Ingila ta ƙwace lasin ma'aikatu fiye da 470 na wannan fanni. A watan Maris na 2024 ta hana masu wannan aiki tafiya da iyali. A ranar 22 ga Yuli, 2025, ta rufe ɗauko su daga waje ɗungum. In wani ya zo ƙauyenku yana tallar wannan aiki, ku sani ƙofar da ya ke nuna muku an riga an rufe ta.

Wanda ya karanta dokar da kansa ya ga bai cika sharaɗi ba, bai yi hasarar kome ba sai awa ɗaya. Gonarsa tana nan, shanunsa suna nan. Yana iya komawa ya ƙaro ilmi ya sake dubawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga wani haɗari kuma. Dillalai su kan ƙaga takardar banki ko ta makaranta su sa cikin takardun mutum, shi bai sani ba. In an gane, sunan wa ke kan takardar? Naka. Ingila tana iya hana wanda aka samu da takardar ƙarya shiga ƙasar har shekara goma. Dillali kuwa ya koma wani gari ya buɗe sabon ofis.

TO, ƘASAR MAKKA FA?

Na san da yawa cikinku hankalinsu ya fi karkata ga Saudiyya. Can ma ƙa'idar ɗaya ce, aiki tukuna, sa'an nan biza. Mai ɗaukar aiki, wanda a ke kira kafili, shi ke fara neman izini daga gwamnatinsu. In ya samu sai ya aiko da lambar biza da yarjejeniya. A yi wa mutum gwajin lafiya, a ɗauki zanen yatsunsa. In ya sauka a yi masa katin zama, watau iƙama. Saudiyya tana da ofishin jakadanci a Abuja, da ƙaramin ofis a Kano.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na iƙama, da na jirgin komawa gida in yarjejeniya ta ƙare. Masu aikin gida, kamar 'yan aikatau da direbobin gida, suna da tsari nasu dabam, galibi kuma ta hannun ofisoshi masu lasin a ke ɗauko su. In ya zama dole ka bi ta irin wannan ofis, ka nemi ganin lasin da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ba shi, ka je ma'aikatar ka tabbatar. In yarjejeniyar da Larabci ta ke, ka kai wa malamin da ya iya ya fassara maka kafin ka sa hannu.

Bizar Umra ta ibada ce. Wanda ya tafi da ita ya maƙale yana aiki, kullum cikin ɓuya ya ke. In an hana shi ladan aikinsa ba shi da inda zai kai ƙara, in ya yi ciwo yana tsoron asibiti, ƙarshenta a kama shi a maido shi. Dukanmu mun san waɗanda haka ta faru gare su.

IN BA KA IYA KWAMFUTA BA

Ba laifi ba ne ka nemi taimako. Ɗanka ko ƙanenka ko malamin ajinku yana iya zama da kai. In ka je shagon da a ke cika takardu, ka biya mai shagon ladan bugawa kawai. Amma ka kiyaye waɗannan:

Ka zauna kusa da shi, ya karanta maka kowace tambaya, kai ka ba da amsa.
A sa lambar wayarka da adireshinka na wasiƙar intanet, ban da nasa.
Lambar sirrinka ta zauna wurinka kai kaɗai.
Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.
Kada ka bar fasfonka a hannun kowa, sai ofishin hukuma, da rasiɗi.
Ka yi kwafin kowace takarda, ka bar ɗaya a gida wurin wanda ka amince da shi.

ALAMUN MACUCI

Macuci ya kan ce biza tabbas ce, alhali ko jakada ba ya alkawarin haka kafin a duba takardu. Ya kan ce a kawo kuɗi yau, gobe wuri ya cika. Ya kan so a zuba kuɗi a asusunsa na kansa, ba ya ba da rasiɗi. Ba ya tambayar abin da ka iya. Ya kan ce kada ka gaya wa kowa, wai don kada a yi maka baki. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, ka riƙe kuɗinka, ka sanar da mai unguwa ko dagaci don a faɗakar da sauran jama'a.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda. In kuwa an yaudari wani an fita da shi ana bautar da shi, sai a sanar da hukumar hana fataucin mutane, NAPTIP, wadda aka kafa a shekarar 2003. Ma'aikatar Ƙwadago kuma tana da ofisoshin ba da shawara ga masu niyyar fita aiki, a Abuja da Ikko da Benin.

Dattijon nan da na ba ku labari bai sami shanunsa ba. Amma ya sa ɗan nasa ya shiga aji, shi ma ya kan zo ya zauna a baya. Ya ce mini duk takardar da za ta sake shigowa gidansa, sai an karanta ta a gabansa daga farko har ƙarshe.

TAMBAYOYI

1. Wa ke ba da fasfo? Wa ke ba da biza?
2. Wanne ke fara zuwa, aiki ko bizar aiki?
3. Ta yaya za ka gane ko ma'aikata tana da lasin ɗauko baƙo zuwa Ingila?
4. In kuɗin asibiti fam 1,035 ne a shekara, nawa ne na shekara biyu?
5. Faɗi alamu uku na macuci.
6. Rubuta cikakken sunanka da ranar haihuwarka kamar yadda su ke a katinka na ɗan ƙasa.